Koya wa manhaja magana da intanet a garin da sabis ke ɗaukewa

A watan Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. An maido da layukan daga baya, amma har yanzu wanda ya bar gari ya nufi ƙauye ya san yadda sabis ke zuwa yana tafiya. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke koyon haɗa manhaja, irin waɗannan mutanen zai yi wa aiki, alhali yawancin darussan YouTube an shirya su ne a inda intanet ba ta yankewa.

Tushen abin ba shi da wuya. Manhaja tana aika buƙata zuwa uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai, ita kuma ta maido da amsa tare da lamba: 200 na nufin an dace, 404 ba a sami abin ba, 500 matsalar daga can take. A Flutter, wanda Google ya fitar da cikakken nau'insa na farko a Disambar 2018, ƙunshin http da 'yan layuka kaɗan na Dart sun isa a yi wannan.

Akwai tarkon da ke kama sababbin shiga. Manhaja za ta yi aiki lafiya lau a gwaji, amma da an fitar da ita an tura wa abokai sai ta ƙi ɗauko komai. Dalili shi ne Flutter na ba da izinin intanet da kansa a lokacin gwaji kawai. A nau'in da za a raba sai an rubuta izinin a fayil ɗin AndroidManifest.xml.

Babban aikin yana wajen abin da zai faru idan amsa ba ta zo ba. Dole a yanka wa kowace buƙata wa'adi, misali daƙiƙa 15, in ba haka ba allon zai yi ta juyawa har mutum ya gaji ya goge manhajar. A ajiye amsar ƙarshe a cikin wayar da SQLite, domin a nuna ta idan babu sabis.

Sake aikawa kuwa sai da hankali. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi sau biyu a wajen mai POS ya san illar: buƙatar farko ta isa, amsarta ce ta ɓace a hanya. Maganin shi ne a ba kowace buƙata lambar shaida tata, yadda uwar garke za ta gane maimaici ta ƙi aiwatar da shi.

Gwajin ba ya buƙatar kashe ko kwabo. A danna aikawa, a jefa wayar cikin yanayin jirgin sama, sannan a sake gwadawa bayan an mayar da layin kan 2G.