Gangamau da Jikin Kare: Nasiha ga Manoma da Mafarauta

A Agyaragu, garin da ke bisa hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, wanda sunansa ya tafi nesa saboda kasuwar doya, kare yana da aiki na haƙiƙa, domin shi ke kwana gadin tarin doya da rumbu, shi ke bin maharbi daji idan rani ya kama. Tun da gangamau, wanda masu sayar da magungunan Musulunci ke kira kurkum, ya sami ɗaukaka a wannan zamani, har masu karnuka a Turai da Amurka suka mai da shi abin zubawa a abincin dabbobinsu, kuma labarin yana iso mu ta wayar hannu, ya zama wajibi a bayyana wa jama'a iyakar amfaninsa da inda illarsa take.

Gangamau ɗan'uwan citta ne, saiwarsa ake busarwa a niƙa, kuma ƙasar Indiya ce ke noma mafi yawansa a duniya, ko da yake kakanninmu sun daɗe da saninsa wajen rina fata da zare. Launinsa na rawaya yana fitowa daga wani sinadari mai suna kurkumin, wanda masana biyu, Vogel da Pelletier, suka fara warewa a shekarar 1815, kuma shi ne ake jingina wa rage kumburi da sauƙaƙa ciwon gaɓoɓi. Sai dai kaso kaɗan ne na garin, hanji kuma ba ya tsotsarsa da sauƙi, saboda haka fa'idarsa ga kare ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Amma batun borin jini, asalinsa shi ne Allah Ya sanya wa jikin dabba garkuwa mai yaƙar cuta, wadda wani lokaci takan yi kuskure ta ɗauki abin da ba shi da lahani a matsayin maƙiyi, ta yi masa tawaye. Idan haka ta faru ga kare, sai a ga yana susa ba ƙaƙƙautawa, yana lasar dagi, fatar ciki da ta kunne ta yi ja, ko ƙuraje su feso, ko fuska da leɓɓa su kumbura, wani sa'i har da amai da zawo. Bisa haƙiƙa gangamau bai cika haddasa wannan ba. Abin da likitocin dabbobi suka fi samu da laifi cikin abinci shi ne naman shanu, da madara, da kaza, da alkama. Duk da haka nadiri ba mustahili ba ne, musamman idan an kwaɓa garin an shafa a kan miki, inda fata ta riga ta buɗe.

Illar da ta fi yawa ita ce ta wuce mizani, wadda ba ta buƙatar wani bori. Gangamau mai yawa yana ɓata ciki, yana rage daskarewar jini, abin da ke da haɗari ga karen farauta da kullum ke tafe da rauni ko wanda za a yi wa tiyata, kuma bai dace da mai ciwon matsarmama ko tsakuwar ƙoda ba. Sa'an nan akwai matsalar algus: a shekarar 2019 masu bincike daga Jami'ar Stanford suka bayyana yadda wasu masu sarrafa shi a Bangaladash ke zuba masa rini mai gubar dalma don launinsa ya yi kyau, ita kuwa dalma ba sai an yi wa wanda ya ji labarin yaran Zamfara da gubarta ta kama a 2010 bayaninta ba. Haka nan ragowar miyar da aka sa wa garin kori galibi tana ɗauke da albasa da tafarnuwa, waɗanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, har a ɗora wa gangamau laifin da ba nasa ba.

To, mene ne abin yi? Da farko a sani cewa a ƙasa mai dausayi da ciyawa irin ta kudancin Nasarawa, mafi yawan ƙaiƙayin kare daga kaska da ƙuma da ƙazuwa yake, waɗanda gangamau ba ya kashe su, balle baƙin man inji da wasu ke shafawa, wanda guba ne tsantsa. Idan alamun sun biyo bayan ba da gangamau, a tsai da shi nan take, a wanke wurin da aka shafa da ruwa mai tsabta, a lura kwana biyu ko uku. Idan kuwa fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko dasashi ya yi fari, to kada a kwana ba a kai shi ga likitan dabbobi a Lafiya ba. Hanyar tabbatar da borin abinci ita ce a tsare kare bisa abinci iri ɗaya da bai saba ci ba har kimanin mako 8, sa'an nan a komar da abin zargi a gani, kuma da izinin likita ake yin haka. Wanda ya je asibitin kuwa, ya nemi allurar rigakafin haukan kare, irin wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, da aka kafa a 1924, take sarrafawa, domin ita ce ke tsare ran kare da na iyali gaba ɗaya.

Shari'a ta halatta riƙon kare don farauta da kiwo da gadin gona, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da ke yi wa mutum hidima, alhali ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, amana ce a wuyansa, kuma yana daga cikin haƙƙinta kada a gwada magani a jikinta bisa jita-jita, sai an tambayi ma'abota ilimin abin.