Manhajar duba nahawu

Manhajar duba nahawu manhajar kwamfuta ce da ke bin rubutu tana nuna kurakuran nahawu, na ƙa'idojin rubutu da na salo, sannan ta ba da shawarar gyara. Daga cikin sanannunta akwai LanguageTool (2003) da Grammarly (2009).

A kwalejoji irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya (Fasaha) da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, a jihar Kano, ana rubuta yawancin kundayen kammala karatu da Turanci, harshen da manhajojin suka fi ƙwarewa a kai. Manhajojin biyu ba su tanadi duba Hausa ba. Ɗalibin da ya rubuta kasa a maimakon ƙasa ba zai sami gyara daga gare su ba, sai dai daga malamin da ke duba kundin.