Kyauta Mai Bin Bashi: Wa Ke Biyan Maganin Yaran Cadakori?

A shirinmu na musamman na yau za mu yada zango ne a Cadakori, cikin gundumar Gidan Runji ta jihar Maraɗi, domin mu bi sawun wani kuɗi wanda talaka ba ya ganinsa da ido, alhali kuwa shi ne ke hukunta ko za a tarar da magani a likita ko ba za a tarar ba.

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar likitar ƙauye cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa, ya san yadda mata ke yin sahu tun da asuba, kowace da goyonta da karnenta, wato katin likita, a hannu, suna jiran majo, wato shugaban likitar, ya buɗe ƙofa. Uwar da ɗanta bai kai shekara biyar ba ta san doka ta ce ba za ta biya ko dala ba. Amma fa ƙwayar da za a ba ta wani ya saye ta, motar da ta kawo ta daga Yamai ta sha mai, kuma firjin da ke ajiye allurar rigakafi ba da addu'a yake yin sanyi ba. Ashe ke nan, kyautar nan ciniki ce tsakanin mai saye da mai sayarwa, sai dai an fitar da uwar daga cikin cinikin, gwamnati ta tsaya a madadinta.

Asalin al'amarin yana da ɗan nisa. A shekarar 1987 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka taru a Bamako, suka yi ittifaƙi a kan cewa, tun da baitulmalin ƙasashe ya gaza, to jama'a su riƙa biyan wani abu kaɗan, a tara kuɗin a hannun kwamitin gari, a riƙa sabunta magani da shi. Nijar ta jarraba wannan tsari a gundumomin Boboye da Say, sa'an nan ta mayar da shi doka a 1995. Daga nan ne kowace likita ta sami kwamitinta na tafiyar da kuɗi, da mai karɓar kuɗi da rasit a bakin ƙofa. Tsarin ya yi fa'ida, don kuwa magani ya daina yankewa kamar da. Illarsa ita ce, wanda ba shi da abin biya sai ya zauna gida, ko ya nufi mai tallar ƙwaya a kasuwa, har ciwo ya ci ƙarfin yaro.

Sai ga yunwar 2005, wadda mutanen Maraɗi ba sa bukatar a tuna musu da ita. A shekarar nan ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jinyar yara masu tsananin tamowa fiye da dubu sittin a Nijar, galibinsu a wannan jiha tamu. Bayan haka ne gwamnatin Shugaba Tanja Mamadu ta ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa a ƙarshen 2005, a 2006 kuma ta ƙara da awon ciki, da tazarar haihuwa, da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Yadda aka tsara shi kuwa, likita za ta duba yaro, ta ba shi magani daga cikin abin da ke kabad ɗinta, a ƙarshen wata majo ya rubuta takardar neman biya, takardar ta tafi Gidan Runji, daga can ta wuce Maraɗi, daga Maraɗi ta isa ma'aikatar lafiya a Yamai, sa'an nan ta gangara baitulmali, inda za a biya dala ɗari a kan kowane yaro da aka duba, jika tamanin a kan kowace tiyata.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Mata sun amsa kira, sahu ya ninka, mace-macen yara kuma ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya, wannan babu mai gardama a kansa. Amma takardun nan da suka tafi Yamai sai suka riƙa yin watanni, wasu har shekaru, ba a ji ɗuriyarsu ba, bashi ya taru ya kai miliyan dubbai na sefa, kamar yadda masu bincike na cibiyar LASDEL suka bayyana tun da daɗewa. Likitar da ta ba da maganinta bashi, ba a biya ta ba, da me za ta sayi wani? Sai kabad ya wofinta, majo ya koma rubuta takardar magani, uwar da aka ce mata kyauta ne ta fita ta sayar da akuyarta. Malamanmu na fiƙihu, da suke karantar da babin ijara, sun sharɗanta cewa lada ya zama sananne, ajalinsa ma ya zama sananne, kuma sun ƙirga jinkirin mai hali wajen biyan bashi a cikin zalunci. Ni a ganina, da an riƙe wannan sharaɗi guda a ofisoshin kasafi, da rabin kukan ya ƙare.

Ga kuma wani abu da mutanen ofis kan manta. Shekarar kasafi tana farawa ne a watan Janairu, kuɗi kuwa sau da yawa ba ya sauka sai shekara ta yi nisa, alhali masassarar cizon sauro da tamowa suna haɗuwa ne tsakanin Yuli da Oktoba, a Agye da Gazawa kamar yadda suke a Tibiri da Cadakori. Damina ba ta jiran sa hannun ma'aji. Jikar da ta iso a watan Mayu ta fi jika biyu da suka iso bayan an ɗaure gero.

Abin da ya keɓanta Cadakori shi ne, tana da mai saye na biyu. Tun daga 2019, da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubun dubatar 'yan'uwanmu suka tsallako iyaka suka sauka a gundumar Gidan Runji, mutanen gari kuma suka karɓe su da karamci irin na zumunci. Domin a nisanta su daga bakin iyaka, hukumomi tare da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tanadi matsugunai uku, a Ɗan Daji Makau, da Garin Kaka, da Cadakori, aka samar da ruwa da azuzuwa da wurin jinya, bisa sharaɗin baƙo da ɗan gari su amfana tare. Hukumar ba ita ke yin jinya da hannunta ba; takan ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya, ta ƙayyade aikin da za a yi da kuɗin da za a ba da, galibi na shekara guda. Irin wannan yarjejeniya tana da kyawun biya a kan kari, amma rayuwarta tana rataye ne da aljihun wasu ƙasashe masu nisa, kuma kowa ya ga yadda taimakon Amurka ya tsuke a 2025. Ranar da yarjejeniya ta ƙare, ginin yana nan, marasa lafiya suna nan, albashin ungozoma ne kaɗai ba ya nan.

Ita ma gwamnati tana da nata uzurin, kuma adalci ne a faɗe shi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu domin lafiya, Nijar kuwa, kamar yawancin maƙwabtanta, ba ta kai ga wannan haddi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumi ya sauka, masu ba da tallafi suka janye hannu, sai da aka zaftare kusan kashi 40 cikin ɗari na kasafin shekarar. Duk da haka, a watan Agustan 2024 hukuma ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, ta kuma mayar da haihuwa kyauta. Talaka ya yi murna, kuma ya cancanci ya yi. Sai dai tambayar 2006 ita ce dai tambayar yau, wato rabin da aka ɗauke wa majinyaci, yaushe zai iso hannun likitar da ta yi aikin?

Saboda haka, ya ku dattawan Cadakori, da limamai, da shugabannin mata, kwamitin nan na likita naku ne, da sunanku aka kafa shi. Idan an kira taronsa ku halarta, ku nemi a karanta muku takardun wata nawa aka aika Gidan Runji, nawa ne aka biya a ciki, kuma maganin masassara na wata nawa ya rage a kabad kafin ruwan farko ya sauka. Abin da kuka ji, ku kai shi ga hukumar komin a rubuce.

A nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.