Mai Sayar da Faifan Fim, Tsakanin Tsada da Araha

Kafin ya miƙa wa mai saye faifai, sai ya zare shi daga leda, ya zira yatsa a ramin tsakiya, ya karkata shi ga hasken ƙofa yana neman karce. In ya ga ƙura, ya hura masa iska, ya goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Ba ya gogewa a kewaye, domin karcen da ya bi zagayen faifai shi ke sa fim ya maƙale. Daga nan ya sa shi a na'ura, ya tsallaka zuwa kashi na ƙarshe, don a can bakin faifai ne marar kyau ke tona asirin kansa. Sai hoto ya zauna, murya ta fita, sannan ya ce, "Malam, ka ga lafiyarsa lau. In ya ba ka matsala, dawo da shi gobe."

Na fi shekara goma sha biyar ina zuwa shagon wannan dattijo a unguwarmu da ke Kano. Ƙaramin shago ne: kantoci uku na katako, fastocin da rana ta cinye launinsu, talabijin a saman ƙofa, da ɗan janareta a waje. A wajensa na fahimci cewa wannan sana'a ce mai ilminta, kuma a wajensa na fara tambayar kaina: shin kuɗin da muke biya don fim mai dogon zango, wanda muke kira sizin, kuɗin adalci ne?

Da kaset ya fara. Tun yana saurayi yake zuwa sari kasuwar Ƙofar Wambai, wadda a lokacin ita ce cibiyar kaset ɗin bidiyo a arewa, inda 'yan kasuwa daga Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram ke zuwa ɗaukar kaya. Finafinan Indiya da na Amurka ne suka cika kantoci, har ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa ya samu gurbinsa. Ya ba ni labarin tsarin da ake bi a wancan zamani. Mai fim zai ba dillali uwar kaset, ya sayar masa da kwalayen da ya buga. Dillali ya kwafa a kaset ɗinsa, ya sa a kwali ya sayar. Ke nan yawan kwalin da aka saya shi ne yawan kuɗin mai fim. Kwali takarda ce kawai, amma a jikinta haƙƙin mai aiki yake rataye. Lokacin finafinan Sangaya da Wasila, in ji shi, kafin azahar kaya sun ƙare.

Sai faifan CD ya kori kaset, DVD kuma ya biyo baya da sizin. Matasa suka san Jack Bauer na 24, wanda aka fara a 2001, da Michael Scofield na Prison Break, na 2005. Mata da yara suka rungumi Jumong na Koriya mai kashi 81, da Merlin na Ingila. A nan gwanintar mai shago ta ƙara fitowa. Dole ya san kowane fim, sizin nawa gare shi, wanne ya fito, wanne ake jira. Yaro zai shigo da kuɗi a dunƙule ya ce, "Baba, Umma ta ce a ba ta cigaban na jiya," ba suna ba lamba, amma ya san gidan, ya san inda suka tsaya. Ya san fim ɗin da magidanci zai kalla da 'ya'yansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma na sha jin ya hana yaro wani faifai ya ce sai mahaifinsa ya zo da kansa. Tun kafin a kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 yake yin irin tasa tacewar.

Kuɗin faifan sizin a lokacin da kasuwar ke tashe bai wuce naira ɗari biyu zuwa ɗari uku ba. Wanda ke son ya gane abin da wannan kuɗi ke nufi, sai ya dubi na asali a ƙasar da aka yi shi. A shekarar 2000 aka fitar da sizin farko na The X-Files a Amurka cikin akwati mai faifai bakwai, aka sa masa kuɗi kusan dala 150. Dala a lokacin tana wajen naira ɗari, mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnatin tarayya kuma naira 7,500 ne. Wato albashin wata biyu cur a kan sizin ɗaya. Daga baya farashi ya sauko sosai a can, amma bai taɓa saukowa daidai aljihun malamin firamare a Kano ba. Ban da tsada, akwai kulle: an raba duniya shiyya-shiyya, Amurka tana ta ɗaya, Najeriya tana ta biyar, kuma faifan wata shiyya ba ya buɗewa a na'urar da aka kulle wa wata.

Robar faifai da kwalinta ba su da tsada. Abin da ake biya shi ne aikin marubuta, 'yan wasa, masu ɗaukar hoto da masu kiɗa, waɗanda suka kwashe watanni suna haɗa kashi ashirin da wani abu. Wannan haƙƙi ne na gaskiya, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sai dai kuma fim ɗin ya riga ya tara kuɗin talla a gidan talabijin kafin a zuba shi a faifai, don haka farashin akwatin ya fi bin abin da masoyin fim zai iya jurewa fiye da abin da aka kashe. Kamfanonin sun yanka farashi don mai saye na Amurka da Turai. Mu ba a sa mu a lissafi ba.

Wannan giɓi ne 'yan kwafi suka cike. Kaya na shigowa daga Asiya, wasu ana buga su a Legas, su bi ta kasuwar Alaba su hau motar arewa. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar gigabait 4.7, an tsara shi don kallon wajen awa biyu da hoto tangaran. Sizin ɗaya na 24 ya kai awa 17, amma sai a matse shi a faifai ɗaya ko biyu. Shi ya sa fuska ke dishi-dishi in an shiga duhu, murya ta riga baki, rubutun fassara ya zo a hargitse. Araha ba ta ado. Duk da haka mun saya, kuma mun ji daɗi, domin ta wannan ƙofa ce kaɗai muka iya shiga.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, na'urar da ke kwafar fim ɗin Amurka ba ta tambayar sunan mai shi. Mun saba da cewa awa goma sha bakwai ta kallo kuɗinta ɗari biyu ne, to yaya za mu yarda mu biya haka don fim ɗin Hausa na awa biyu? Mai fim ya ci bashi ya shirya aikinsa, ya fitar ranar Litinin, kafin Juma'a na jabu ya cika gari ba tare da an sayi kwalinsa ba. Da wayar hannu ta yawaita kuma, masu turi suka zo da kwamfuta suna zuba finafinai a memori da kuɗi kaɗan, fassarar Indiya-Hausa ta kwashe sauran masu kallo. Masu shirya fim suka koma inda talla ke biya: tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta zo da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, aka nuna Labarina na Aminu Saira, Izzar So kuma ta samu gida a YouTube. Fim mai dogon zango ya bunƙasa da Hausa a daidai lokacin da faifan da zai ɗauke shi ya mutu.

Na taɓa tambayar dattijon ko yana ganin akwai laifinsu a ciki. Ya daɗe yana jera faifai kafin ya amsa. "Malam, ba zan ɓoye maka ba, mun sayar da na kwafi, da shi muka ciyar da iyali. Amma iri muka daka muka ci. Da damina ta zo, ba abin shukawa." A cikin abokan sana'arsa wasu sun koma sayar da caja da murfin waya, wasu sun bar kasuwa gaba ɗaya.

Ni a ganina, farashin adalci shi ne wanda mutum uku za su rabu a kansa ba mai kuka: mai aiki ya samu ladan guminsa, mai shago ya samu ribarsa, mai saye ya biya bai taɓa kuɗin cefane ba. Akwatin asali ya manta da na uku, faifan kwafi ya danne na farko. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma ana bukatarta, amma kame kaɗai ba ya gyara kasuwa. Tsohon tsarin kwali ya nuna hanya: mai fim ya ba ɗan kasuwa izini a kan kuɗi kaɗan, a sayar da yawa, kowa ya samu. Abin da ya yi aiki a kaset zai iya aiki a memori, in masu fim da masu turi suka zauna da gaskiya.

Yanzu ɗansa ne ke zaune gaban kwamfuta yana turi, shi kuwa ya riƙe kanta ɗaya ta faifai, don mutanen ƙauyen da intanet bai wadace su ba da tsofaffin da suka saba da na'urarsu. A saman kantar akwai finafinan Hausa na asali cikin kwalinsu. Kwanan baya na ga wani saurayi ya ɗauki ɗaya ya taya rabin kuɗi, yana cewa ai a waya kusan kyauta ne.

"Albarka, ɗana," in ji dattijon. "A kan ribata zan iya rage maka. Amma kuɗin kwalin nan ba nawa ba ne, na wanda ya yi fim ɗin ne."

Saurayin ya juya kwalin, ya karanta sunayen da ke bayansa, ya cika kuɗin. Dattijon ya zare faifan, ya karkata shi ga hasken ƙofa.