Tarihin Yanayi a Jikin Itatuwan Rimin Gado

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga Kano ya iso Rimin Gado, zai ga gonaki manne da juna, itatuwa kuma tsaye jefi-jefi a cikinsu: kuka, gawo, ɗorawa, tsamiya da rimi. Ko mai karatu ya taɓa tambayar kansa me ya sa waɗannan ne suka wanzu a nan? Amsar tana cikin tarihin yanayi.

Kimanin shekaru 20,000 da suka shuɗe, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, damina ta yi rauni a Afirka ta Yamma, Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Yawancin ƙasar da manoman Kano ke huɗa a yau, iska ce ta kwaso ta a irin waɗannan zamunna na fari.

Daga bisani al'amari ya juya. Tsakanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, ruwa ya wadata, Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000. Kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, mai shekaru kimanin 8,000, da itacen maɗaci aka sassaƙa shi. A Dabous kuwa, cikin hamadar Nijar, zanen raƙuman dawa yana nan a jikin dutse.

Da fari ya sake dawowa, sai halittu suka kasu uku. Wasu suka ja da baya zuwa kudu. Wasu suka fake inda laima ta rage, kamar kurmin bakin rafi a Dajin Falgore, ko kududdufan duwatsun Ennedi na Chadi, inda kadoji suka maƙale a tsakiyar hamada. Na uku su ne masu halittar jure rani: kuka tana taskace ruwa a gangar jikinta, gawo kuma yana zura saiwa can ƙasa, ya yi ganye da rani, ya zubar da damina.

To, amma a da dabba da tsiro suna da filin ƙaura. Yau gona ta haɗe da gona. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun taƙaita a yankin Kure na Nijar, sai 'yan kaɗan da aka kai Gadabeji a 2018. Saboda haka ragowar itatuwa a hannun manomi suke. Binciken Michael Mortimore ya nuna manoman karkarar Kano sun riƙe itatuwan gonakinsu duk da farin 1972-73 da na 1983-84.

Ga aiki ga ɗalibai da malamansu: ku shiga gona guda, ku ƙirga manyan itatuwa, sannan ku ƙirga ƙananan da ke tasowa. Idan kun tarar da tsofaffi goma babu ƙarami ko ɗaya, to inuwar gonar ta kusa ƙarewa, domin da sanyin safiya ake kama fara.