Jinyar mai zazzaɓin Lassa a gida: ina gaskiya, ina jita-jita?

Daga Disamba zuwa Afrilu zazzaɓin Lassa ya fi ɗaga kai a jihohi irin su Bauchi, Taraba, Ondo da Edo, kuma kafin ma'aikatan lafiya su isa unguwa, jita-jita ta riga su shiga gida. Yawancin masu ciwon a ɗaki suke yin kwanakin farko, a hannun uwa ko mata ko 'ya, don haka abin da mai jinya ta yarda da shi yana iya ceton rai ko ya jawo asararsa. Gaskiyar magana ita ce haɗarin yana cikin ruwan jikin majinyaci: jini, amai, fitsari, bayan gida da yawu. Da wannan ma'auni za a auna kowace magana da ke yawo.

Wasu na cewa ciwon ɓera ne, mutum ba ya ɗauka daga mutum. Rabin zancen gaskiya ne. Wani ɓeran daji mai yawan nonuwa, wanda ke shiga gidaje da rumbuna, shi ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana zubar da ita ta fitsari da kashi a kan hatsi da abincin da aka shanya ko aka bari a buɗe. Amma tun 1969 da aka gano cutar a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ma'aikatan jinya ne suka fara kamuwa, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka ɗauka wajen kula da abokiyar aikinsu. A Janairun 2020 ma likitoci sun rasu da ita a Kano. Wasu kuma sun zarce ta ɗaya ɓangaren, suna cewa duk wanda ya leƙa ɗakin ya kamu. Wannan ma ba haka yake ba. Gaisuwa daga bakin ƙofa ko zama nesa kaɗan ba ya sa a ɗauka, kuma tsoron da ke sa a bar mara lafiya ba ruwa ba abinci zalunci ne da babu hujjarsa.

Aikin da ke gaban mai jinya a fili yake. Mutum ɗaya ya ɗauki jinyar, kada ya zama mai juna biyu, domin cutar ta fi tsanani a ƙarshen ciki kuma galibi ana rasa jaririn. A ware wa majinyaci kofinsa, cokalinsa, butarsa da shimfiɗarsa. Kafin a taɓa amai ko zanen da ya ɓaci a sa safar hannu, a rufe baki da hanci, bayan an cire a wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba, ba a cikin kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba. Inda aka yi amai a zuba ruwan bilic. Idan ƙarfinsa a jikin kwalba kashi 3.5 ne, murfi ɗaya da murfi shida na ruwa ya isa. Za a ce safar hannu kuɗi ce, kuma gaskiya ne. Leda biyu marasa huji da aka ɗaure a wuyan hannu ba su kai safa ba, amma sun fi hannu tsirara nesa ba kusa ba, muddin aka ƙona su bayan amfani. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kiran mai kemis ya zo gida ya yi allura ko ƙarin ruwa, domin a nan ne jini ke taɓa hannu, allurar kuma ta ƙare a bola inda yara ke wasa.

Akwai kuma masu cewa idan ba a ga jini ba to ba Lassa ba ce. Wannan ta kashe mutane. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu ɗaukar ƙwayar ciwon kan zo musu da sauƙi ko babu alama, kuma ko a masu tsanani, farkonsa zazzaɓi ne da ciwon kai, ciwon makogwaro da kasala, daidai da maleriya ko taifot. Zubar jini a ƙarshe take zuwa, ga wasu ma ba ta zuwa. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu ko uku yana buƙatar gwaji. Ruwan gishiri da wasu ke cewa a sha ba ya maganin Lassa. Wannan jita-jitar ta yi kisa a Najeriya lokacin Ebola a 2014. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ma ba ya taɓa shi, aspirin da ibuprofen kuwa suna iya ƙara zubar jini.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa wanda aka killace a asibiti gawarsa ake dawowa da ita. Sun ga hakan da idonsu, ba za a ƙaryata su ba. Sai dai a tambaya a rana ta nawa aka kai shi. Maganin ribavirin da ake bayarwa ya fi amfani a cikin kwanaki shida na farko, yawancin waɗanda suka rasu kuwa sai da ciwo ya ci jiki aka kai su. Jinyar gida ta ɗan lokaci ce kafin a isa asibiti. Idan rai ya yi halinsa, gawar tana ɗauke da ƙwayar, don haka a bar jami'an lafiya su jagoranci wanka da likkafani. Sallar jana'iza ba ta buƙatar taɓawa. Wanda ya warke kuma ba abin gudu ba ne, illa dai ƙwayar kan daɗe a maniyyi har wata uku ko fiye da haka. Duk wanda ya yi jinya ya sa ido a kan jikinsa na kwana 21, idan zazzaɓi ya taso ya kira hukumar NCDC a 6232, kiran kyauta ne.