ƘAFA, SANDA, HANNU: WASANNIN ƘWALLO UKU DA DOKOKINSU

In la'asar ta yi, kowane gari na Nijar yana da filin da yara ke bin balo. Wasu na kanti gare su. Wasu tsumma ne sunka ɗaure da igiya. In an sami duwatsu huɗu, an yi gidaje biyu, wasa ya tashi. Kowa ya san wanga wasa, har tsohon da bai taɓa bugawa ba.

Amma yanzu tele da salula suna kawo wasannin da ba a saba gani ba. Ana ganin mutane riƙe da sanduna suna sulɓi bisa ƙanƙara. Ana ganin ƙatti da hulunan kwano suna karo kamar raguna, kuma a ce wai nasu ma ƙwallon ƙafa ne sunansa. Wanda bai san dokar wasa ba, rikici kawai ya ke gani.

A shekara ta 2018 anka zaɓi ƙasashe uku su karɓi gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta 2026. Su ne Meziko da Kanada da Amurka. A Meziko balo ne sarkin wasanni, kamar a Nijar. A Kanada ƙwallon gora na ƙanƙara ne. A Amurka kuwa nasu ne na karo. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

Duka ukun manufarsu ɗaya ce. Ƙungiya biyu ne a fili, kowace da gidanta, kowace tana so ta kai ƙwallo gidan abokiyar karawarta. Bambancin shi ne da me doka ta yarda a kai shi: da ƙafa, da sanda, ko da hannu.

ƘWALLON ƘAFA

A Ingila anka tsara dokokinsa. Da can kowace lakwal da nata tsari, wasu har ɗaukar balo su ke yi da hannu. A 1863, a birnin Landan, wakilan ƙungiyoyi sunka zauna sunka rubuta doka guda. Waɗanda ba su yarda su bar gudu da balo a hannu ba sunka ware, nasu ya zama wasan zari-ruga.

Kowace ƙungiya mutum 11 ne, har da mai tsaron gida. Shi kaɗai ke taɓa balo da hannu, shi ma sai cikin da'irarsa. Sauran ƙafa ne, da kai, da ƙirji. Ana yin minti 90: a yi 45, a huta, a sauya gida, a ƙara 45. Agogo ba ya tsayawa. Alƙalin wasa ne ke ƙara lokacin da anka ɓata. Faɗin gida metir 7 ne da santimetir 32, tsayinsa metir 2 da santimetir 44.

Dokokin 17 ne. Wadda ta fi jawo gardama ita ce ta satar gida. Ba a yarda mutum ya je ya laɓe bayan masu tsaron baya yana jiran a aiko masa balo ba. Ba a yarda da ture, da riƙo, da taɗiya ba. In an yi wa mutum irin wanga laifi cikin da'irar gida, sai a ba shi bugun daga kai sai mai tsaron gida, daga nisan metir 11. Katin rawaya gargaɗi ne, jan kati kora ne. A gasar duniya ta 1970 anka fara aiki da su.

Daɗin wanga wasa shi ne ci yana da wuya. Ana iya yin minti 90 balo bai shiga raga ba ko sau ɗaya. Saboda haka ci ɗaya yana da daraja, kuma ƙarami yana iya kada babba. A watan Oktoba na 2010, a Yamai, Mena ta ci Masar 1 da 0, Musa Ma'azu ne ya zura. A lokacin Masar ce ke riƙe da kofin Afirka, ta ci shi sau uku a jere. Wanga nasara na cikin abin da ya kai Nijar gasar Afirka ta 2012, karo na farko.

ƘWALLON GORA

Wanga ba baƙo ba ne ƙwarai. Dattawa da yawa sun tuna lokacin da yara ke bugun ƙwallon goruba da sanda mai lanƙwasa. Turawa suna kiran nasu hoki, kuma iri biyu ne: na fili da na ƙanƙara.

Na fili ya yi kama da ƙwallon ƙafa. Mutum 11 ne kowane ɓangare. Filin ya kai metir 91 a tsawo, metir 55 a faɗi. Ƙwallon ƙarami ne, bai fi lemu girma ba, amma tauri gare shi. Ana yin minti 60, a raba shi huɗu, minti 15 kowane kashi.

A nan doka ta juya. Ƙafar da ke aiki a balo, laifi ce a ƙwallon gora. Mai tsaron gida kaɗai ke tare ƙwallo da ƙafa. Sandar tana da gefe biyu, ɗaya a shafe, ɗaya a dunƙule, kuma ba a bugu da bayanta mai dunƙule. Ci ba ya ƙirguwa sai ɗan wasa ya taɓa ƙwallon cikin rabin da'irar da ke gaban gida. Babu dokar satar gida. Kati uku ne: kore, rawaya da ja.

Indiya ta ci lambar zinariya sau 8 a wasannin Olimpik, ta farko a 1928. Pakistan ta ci kofin duniya sau 4. A Afirka ma an taɓa nasara: matan Zimbabuwe sun ci zinariya a Mosko a 1980. Amma daga 1976 anka fara mayar da manyan gasanni bisa ciyawar roba, wadda shimfiɗa ta ke cin kuɗi da yawa. Tun daga nan ƙasashe irin su Holan da Jamus da Ostareliya sunka fi cin kofuna. Indiya ba ta sake samun zinariya ba daga 1980 har wasannin 2024. Da fili ya yi tsada, sai wasan ya fi zama na masu hali.

Na ƙanƙara wasan ƙasashen sanyi ne, inda tafkuna ke daskarewa har mutum ya yi tafiya bisa ruwa. A birnin Montireyal na Kanada anka yi wasan farko mai tsari cikin ɗaki, a watan Maris na 1875. Ƴan wasa suna sa takalma masu bakin ƙarfe a ƙasa, siriri kamar wuƙa. Da shi su ke sulɓi, sun fi mai gudu da ƙafa sauri. Abin da su ke bugu ba ƙwallo ba ne. Faifai ne na baƙar roba, girmansa kamar masa guda, amma da tauri. In gwani ya buga shi yana wuce gudun kilometir 150 a awa.

Mutum 6 ne kowane ɓangare, har da mai tsaron gida. Ana yin kashi uku, minti 20 kowane. Gudun yana da gajiyarwa, saboda haka ɗan wasa ba ya wuce kamar minti ɗaya sai ya fita wani ya shiga, ba tare da an tsaida wasa ba. A wasan maza an yarda a bangaje mai riƙe da faifai da kafaɗa ko da ƙugu. Wanda ya yi laifi, kamar taɗiya da sanda, ana fitar da shi ya zauna minti 2, ƴan uwansa su yi ta fama da ƙarancin mutum ɗaya. Masu son wanga wasa saurinsa su ke so. Kanada, Rasha, Suwidin, Finlan da Amurka suna cikin manyan gwanayensa.

ƘWALLON AMURKA

Wanga jikan zari-ruga ne. Wasan farko tsakanin manyan makarantu biyu an yi shi a 1869. Daga 1880 wani mutum mai suna Walta Kam ya yi ta gyara dokoki har wasan ya ɗauki kamanninsa. Amurkawa suna ce masa ƙwallon ƙafa, amma hannu ya fi aiki a cikinsa. Ƙwallon ba zagayayye ba ne. Dogo ne, da tsini a kai biyu, don ya yi daɗin riƙo da jifa.

Mutum 11 ne kowane ɓangare. Da yadi a ke auna filin, irin yadin awon ƙyalle. Tsawonsa yadi 100 ne, wato wajen metir 91. A kowane ƙarshe akwai gida mai zurfin yadi 10. Babu raga, babu mai tsaron gida.

Ga gindin dokar. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama 4 ta ci gaba da yadi 10, wato wajen metir 9. Tana iya ba mutum ɗaya ya ruga da shi, ko ta jefa shi gaba sau ɗaya wani ya cafe. Abokan karawa kuma aikinsu su kada mai riƙe da ƙwallo, kamar a kokowa. Da ya taɓa ƙasa, wasa ya tsaya, dama ɗaya ta tafi. In sun ci yadi 10, sai a sabunta masu dama 4. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Haka a ke cin fili kaɗan-kaɗan, kamar mai noma kunya bayan kunya.

Ci ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya shiga gidan abokan karawa da ƙwallo ya samu maki 6. Bayan haka ana ba su damar ƙarin maki 1 da bugun ƙafa, ko maki 2 in sun sake shiga gida. In sun kasa isa gida amma sun matso, suna iya bugun ƙwallon da ƙafa ya ratsa tsakanin dogayen ƙarafa biyu, su samu maki 3.

A agogo minti 60 ne, kashi huɗu. Amma agogon yana yawan tsayawa, har wasa ya kan ci awa 3. Kowane tsayawa, ƴan wasa suna haɗa kai su shirya dabara, kamar masu dara. Kowa da aikinsa: akwai masu kai hari, akwai masu tsaro, akwai wanda bugun ƙafa kaɗai ne aikinsa. Babbar gasar ƙasar tana da ƙungiya 32, kowace da ƴan wasa 53. Wasan ƙarshe, da a ke kira Super Bowl, a watan Fabrairu a ke yin sa, kuma fiye da mutum miliyan 100 ke kallonsa a Amurka.

Wasa ne mai haɗari. Ƴan wasa suna sa hular kwano da matashin kafaɗa, sai ka ce ƴan lifidi. A 1905 aƙalla mutum 18 sunka mutu ta dalilinsa. Shugaban ƙasar, Tiyodo Rusbel, ya kira manyan wasan ya ce a gyara. A 1906 anka sake dokoki, anka halatta jifa gaba don a rage cunkoso. Duk da haka haɗari bai ƙare ba. A 2002 wani likita ɗan asalin Najeriya, Benet Omalu, ya duba ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan wasa da ya rasu. Ya tarar yawan karo ya lalata ta, ya bayyana haka a 2005. Tun daga nan an ƙara tsananta dokar bugun kai da kai.

ME YA SA BALO YA FI YAƊUWA

A lissafa kayan da kowane wasa ke bukata. Ƙwallon gora na fili yana son sanda 22 da fili mai laushi. Na ƙanƙara yana son takalman ƙarfe, da sulke, da ƙanƙarar kanta. A ƙasar zafi sai da inji da wutar lantarki mai yawa. Na Amurka yana son hular kwano da lifidi ga kowane mutum, da ƙungiya mai yawan jama'a. Ƙwallon ƙafa kuwa balo ɗaya ya ishi mutum 22.

Ba ya kuma zaɓen jiki. A ƙwallon Amurka wasu ƴan wasa sun wuce kilo 130. A balo gajere da dogo, siriri da kakkaura, kowa yana da wurinsa. Dokarsa ma ana gane ta a yini guda. Shi ya sa hukumar FIFA, wadda anka kafa a Paris a 1904, ta ke da wakilai 211, ta fi Majalisar Ɗinkin Duniya yawan wakilai.

ABIN LURA GA SAMARI DA IYAYE

Abin da ya halatta a wani wasa laifi ne a wani. Kada mutum aiki ne a ƙwallon Amurka, amma a balo kati ya ke jawowa. Waɗancan da a ke gani a tele suna karo, da kayan kariya su ke yi, da likita a bakin fili. Yaron da ya kwaikwaye su a filin gari, ba hula ba takalmi, karaya ya ke nema.

In yaro ya bugu a kai lokacin wasa, ya ji jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, a fitar da shi nan take. Kada ya koma fili ranar. A kai shi gidan likita, ko da ya ce ya warke. Rigakafi ya fi magani.

In gari biyu za su kara, a zaɓi alƙalin wasa tun kafin a fara, wanda kowane ɓangare ya yarda da shi. A faɗi tsawon lokaci da iyakar fili gaban kowa. In ya busa usur, magana ta ƙare, ko da wani yana ganin an zalunce shi. Wasanni da yawa sun watse da jifa da sanda don an ƙi bin wagga ƙa'ida, zumuncin garuruwa ya ɓaci a banza.

DOMIN AJIN KARATU

1. Mutum nawa ke cikin fili in ƙungiya biyu na ƙwallon ƙanƙara sun kara?
2. Wata ƙungiya a ƙwallon Amurka ta samu maki 6, da maki 1, da maki 3. Nawa ke nan duka?
3. Shekara nawa ne daga 1863 zuwa 2010?
4. A tambayi dattawan gari yadda su ke bugun ƙwallon goruba a zamaninsu, a rubuta dokokinsa cikin littafin aji.